Safar wanke mota da bokiti biyu: abin da na gani a ƙauye

Kaya uku na saya a wajen masu kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano: safar hannu mai gashi-gashi ta wanke mota, tawul na tsane ruwa, da robar sabulun ruwa da aka yi musamman don mota. Safar da tawul ɗin duka na yadin nan ne da ake kira maikurofaiba. Tun kafin faɗuwar damina nake aiki da su har hunturu ya shigo, a kan Peugeot 406 ɗina shuɗiya mai duhu. Wani ƙauye nake zaune a ƙasar Ringim, kuma sai na bi burji mai ɗan nisa kafin na hau kwalta, don haka motar ba ta rabo da ƙura ko taɓo.

Wani mai fenti ne ya sa na saye su. Na kai masa gyaran bamba, sai ya ja ni gaban bonet da tsakar rana ya ce, "Malam, tsuguna ka duba nan." Sai ga zane-zane sirara sun yi da'ira-da'ira a duk inda rana ta haska. Ya ce, "Wannan ba ƙaya ba ce, ba kuma yara ba ne. Wanki ne." Ya yi min bayani cewa fentin mota hawa-hawa yake: akwai na share fage, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ke ba da sheƙi, kuma kaurin na saman bai kai na fallen takarda ba. Ƙasarmu rairayi ce, ƙwayar rairayi kuwa ta fi wannan fentin tauri. Idan aka ɗauko tsohuwar singileti ko soso aka dirza mota da ƙurarta, daidai yake da bin ta da sanfefa.

A cikin kayan uku, safar ce ta fi biya ni. Gashinta yana da tsawo da laushi, shi ya sa tsakuwar da ta ɗauka take shigewa ciki can, ba ta zauna a baki tana jan layi a jikin fenti ba. Na gane haka da idona: idan na goge ƙofa ɗaya na tsoma ta a ruwa na karkaɗe, sai na ga baƙin yashi yana sauka gindin bokiti. Wannan ne dalilin bokiti biyu. Ɗaya na kumfa, ɗaya na zallan ruwa. Ka goge wuri kaɗan, ka ɗauraye safar a na ruwa, ka matse, sannan ka mayar da ita cikin kumfa. Ranar da na fara, ruwan ɗaurayar ya koma ja jawur, na kumfar kuwa yana nan fari har na gama. Duk wannan jan ruwan a da jikin motar yake komawa.

Sai dai safar ba ta da wani amfani idan ba a fara kora ƙurar da ruwa ba, kuma a nan ne lamarin yake yi wa mutumin ƙauye wuya. Ba mu da famfo mai tiyo, daga burtsatse ake turo mana jarkoki a kura, kowace da kuɗinta. Watsa ruwa da kwano ɓarna ce, rabi a ƙasa yake ƙarewa. Dabarar da ta fisshe ni ita ce famfon feshi irin na gona, na goyo, mai cin lita 16. Sabo na saya na ware shi don mota kawai, domin wanda ya taɓa shan maganin ciyawa ko na ƙwari bai kamata ya kusanci mota ko tsakar gida ba. Cikinsa ɗaya yana jiƙa motar daga rufi har ƙasa, ƙurar ta yi laushi ta gangaro da kanta kafin hannu ya taɓa jikin. Taɓon da ya bushe a madigadi sai an jiƙa an jira, an sake jiƙawa. Kada a kankare shi.

Daga sama nake farawa, rufi, gilasai, bonet da but, sannan ƙofofi, kuma a miƙe nake jan hannu, ba na zagayawa. Ƙasan ƙofofi da tayoyi su ne na ƙarshe, da tsohon soso da bokitinsu daban. Ɗan yayana da ke taya ni ya taɓa sakin safar a ƙasa ya ɗauka zai ci gaba, ya ce, "Kawu, ai ban ga komai a jikinta ba." Na sa shi ya tsoma ta a ruwa mai tsabta ya ga abin da ya fito. Duk abin da ya taɓa ƙasa sai an wanke shi tas kafin ya koma kan fenti.

Sabulun yana da kyau, yana da santsi a hannu, kuma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Bambancinsa da omon wanki shi ne omo yana da kaifi, yana cinye folish ɗin da aka shafa, yana sa baƙaƙen robobin jikin mota su yi fari-fari, sannan garin da bai narke ba shi ma yana karce fenti. Amma wanda kuɗinsa ba zai kai duka uku ba, safar zan ce ya fara saya.

Tawul ɗin ne ban gamsu da shi sosai ba. Yana shan ruwa, wannan gaskiya ne, kuma shimfiɗa shi nake yi na ja a hankali ba tare da dannawa ba. To amma ɗinkin bakinsa yana da tauri, ga wata takardar suna da aka liƙa masa wadda sai da na cire da almakashi. Yana kuma kwasar komai. Idan aka shanya shi kusa da dangar kara, ko iska ta jefa shi kan ƙarangiya, sai ka zauna tsince shi ɗaya bayan ɗaya. A ɗaki nake shanya shi yanzu, na adana shi da safar a leda. Ba a yi musu guga, ba a haɗa su da sauran wanki. Tsanewar kuwa dole ce, don ruwan burtsatsenmu yana barin farin tabo idan ya bushe da kansa. Saboda haka da sassafe ko bayan la'asar nake wanki, a inuwa, jikin motar da sanyinsa. Ba na barin ta kwana a gindin darbejiya, saboda kashin tsuntsaye yana cin fenti idan rana ta gasa shi.

Hunturu ne ya fi gwada haƙurina. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rufe mota cikin dare ɗaya, hannu kuma ya riƙa ƙaiƙayin a kaɗe ta da tsumma. Na hana kowa a gidan yin haka, har da yaran da ke rubuta sunansu da yatsa a jikin but. Gilas kawai nake wankewa da buta don na ga hanya, sauran jikin ya jira ranar wanki.

Tsofaffin zane-zanen suna nan, waɗannan kaya ba sa goge su, sai dai mai injin folish. Abin da zan iya shaida shi ne bambar da aka yi wa sabon fenti, wadda ba ta taɓa ganin tsumma ba, har yau babu da'ira ko ɗaya a jikinta idan na duba a rana. Idan safar ta tsufa zan sake sayen irinta, tawul kuwa zan nemi wanda ba shi da ɗinki a baki.