Pyunkang Yul ko Hada Labo Premium? Ga abin da ke gaban madubina

'Yar'uwa, cikin tona biyun (ruwan da ake shafa wa fuska bayan an wanke ta) da kika ce kina waswasi a kansu don shafawa hawa-hawa, wato a shafa a sake shafawa a kai, ɗauki Pyunkang Yul Essence Toner na Koriya, mai shuɗiyar kwalbar nan. Ina da su duka biyun. Shi Pyunkang kwalba ta uku nake ciki yanzu, Hada Labo kuwa ta farko ce har yau ba ta ƙare ba.

Hunturun bara ne na san darajarsa. Saura mako uku bikin ƙanwata, fuskata ta ɗaure kamar fatar kalangu. In na yi murmushi sai in ji kumatu na ja, hoda ta riƙa tsattsagewa a gefen hanci, amma kafin azahar goshi ya fara ƙyalli da maiƙo. Ni kuma da na ga maiƙon sai na ƙara ƙaimi wajen wanke fuska da sabulu, ashe wutar nake ƙara wa fetur. Mai kwalliyar da ta zo gwaji ce ta taɓa kumatuna ta ce, "Anti, ruwa fatarki ke nema, mai kam tana da shi." Ita ta zuba min Pyunkang a tafin hannu daga cikin jakarta. Daren nan na yi hawa uku, da asuba na shafa fuskata na ji laushin da na manta da shi. Ranar kamu hoda ta zauna daram har aka tashi.

Abin da ya sa ya dace da hawa-hawa shi ne ba a cika shi da tarkace ba. Kayan haɗinsa bakwai ne kacal, kuma kashi 91.3 cikin ɗari ruwan saiwar wani tsiro ne da ake kira astaragalus, wanda masu maganin gargajiya na Koriya da Sin suka daɗe suna amfani da shi. Babu turare, babu barasar da ke busar da fata. Duk abin da za ki maimaita sau uku ko huɗu a fuska, to kin ninka abin da ke cikinsa ne, shi ya sa tona mai ƙamshi da ba ya damun ki a hawa ɗaya zai iya sa ki raɗaɗi a hawa na huɗu. Yana da ɗan yauƙi kaɗan, bai kai ruwan kuɓewa ba, kuma fata na shanye shi kafin ki gama ɗaura ɗankwali. Akwai ƙaramar kwalba mai mil 100 da babba mai 200. Babbar ta yi min kusan wata uku, safe da dare.

Hada Labo Premium, mai kwalba ruwan zinare na kamfanin Rohto na Japan, yana aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Sinadarin hayaluronik mai riƙe ruwa a fata ne iri-iri a ciki, sai dai kaurinsa ya kusa na sirom, wato ruwan gyaran fuska mai kauri, hawa ɗaya ya isa, na biyu sai danƙo. Kalmar "lotion" da ke jikinsa kada ta ruɗe ki, haka Japanawa ke kiran tona.

Maganar hawa bakwai da 'yan Koriya suka yayata, ni ban taɓa kaiwa can ba, ba ni da wannan lokacin ga yara na jiran kari. Uku nake yi da dare, biyu da safe. Ki bar fuska da ɗan danshi bayan wankewa, ki ɗiga a tafin hannu, ki daddanna a hankali, auduga shanye miki kuɗi kawai za ta yi. Da kin ji ya fara shiga sai ki ƙara, kada ki jira ya bushe ƙayau. Sannan abin da mutane suka fi mantawa: dole ki rufe da mai. Irin waɗannan sinadarai jawo ruwa suke su riƙe a saman fata, a busasshiyar iskar hunturu kuwa, in babu abin da ya danne shi, ruwan tashi zai yi ya bar ki inda kika fito. Ni man shafawa mara nauyi nake bi da shi, da dare in ƙara ɗan man kaɗanya a kumatu da gefen baki. Mu da ke alwala sau biyar a yini ma sai mun ƙara kula, bayan alwalar la'asar nakan ɗan ɗiga hawa ɗaya in bi da mai in ina gida.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Ki yi hattara da masu sayarwa a Instagram da WhatsApp. An taɓa sayar min da wani tonan Koriya a rabin kuɗinsa, wai an yi ragi, da ya iso sai ga rubutun jikin kwalbar ya dusashe, abin ciki tsululu yana warin turaren ɗan goma. Da na yi magana ta toshe ni. Ki sa a turo miki bidiyon ainihin kwalbar da za a ba ki, gaba da baya da ƙasa, ki ga lambar rukuni da kwanan wata. 'Yan Koriya da shekara suke farawa, sai wata, sai rana. Kayan Japan kuwa sau da yawa ba sa ɗauke da ranar lalacewa, domin dokarsu ba ta tilasta rubutawa ba in abu zai wuce shekara uku ba a buɗe ba, don haka rashin ganinta a jikin Hada Labo ba shi ke nuna jabu ba.

Wadda duk ta ce za ta ɗura miki a wata roba, ko ta ce nata "haɗi" ne yana ƙara haske, ki riƙe kuɗinki. A irin haɗin nan ake cusa man bilicin da sitiroyid, masu sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kuma fatar da ke ƙishirwa ta fi saurin jin jiki. Ki fara da ƙaramar kwalbar, ki gwada a bayan kunne kwana biyu kafin ki kai fuska.