Kundin Isolation na Toto: Wanne Za Ka Saya, Kuma Ina Ɓoyayyun Waƙoƙinsa Suke?

Duk wanda ka ambata wa ƙungiyar mawaƙan rok ta Toto, "Africa" ce za ta fara faɗo masa a rai, in ya ɗan zurfafa ya ƙara da "Rosanna". Waɗannan tagwaye sun fito ne a kundin Toto IV na 1982, wanda ya kwashe kyaututtukan Grammy shida. Kundin da ya biyo bayansu, Isolation na 1984, shi ne Gambo: yana nan cikin gida da ƙarfinsa da kyansa, amma idon baƙi na kan tagwaye. Ni kuwa shi na fi saurare cikin duk abin da wannan ƙungiya ta Los Angeles ta yi, kuma shi na fi ɓatar wa kuɗi, don haka bari in rage wa mai niyyar saye wahala.

Dalilin da ya sa aka yi biris da shi ba ɓoyayye ba ne. Ana tsakiyar aikin aka rabu da mawaƙinsu Bobby Kimball, aka ɗauko Fergie Frederiksen daga ƙungiyar LeRoux ta jihar Louisiana. Mai jitar bas David Hungate shi ma ya riga ya tafi, Mike Porcaro ya maye gurbinsa, ya tarar da 'yan uwansa Jeff mai ganga da Steve mai kibod. Gidajen rediyo suna jiran wata "Africa" mai sanyi, sai aka kawo musu jita mai zafi da baƙuwar murya mai tashi sama. Kundin ya tsaya a lamba 42 a jadawalin Billboard na Amurka, waƙarsa "Stranger in Town" ta kai lamba 30 a jadawalin waƙoƙi. Daga wannan kundi Frederiksen bai ƙara wani da su ba. Ya rasu a Janairun 2014.

Waƙoƙi goma ne, biyar a kowace fuska ta faifai. "Carmen" ce ke buɗe ƙofa, kuma ita nake fara sa wa duk wanda nake son ya gane abin da nake nufi. David Paich mai kibod ne ke farawa da muryarsa mai kauri, sai Frederiksen ya karɓe daga sama kamar an saki shaho, a ƙasa kuma bas ɗin Mike na gudu ba ya numfashi. "Lion" na biye da ita, da ƙahoni da wani taku mai nauyi. Da hannun Kimball a rubuta ta, kuma in ka kasa kunne za ka ji an ɗinka ta ne daidai wuyansa, wani ya zo ya sa rigar. Duk da haka ta zauna wa sabon mawaƙin. Wadda ta fi kama ni ita ce "Endless", farkon fuska ta biyu. Jeff Porcaro bai yi wani abin nuna bajinta a cikinta ba, ya dai riƙe kiɗan ne da hannu mai taushi, yana ɗan jinkirta bugu kaɗan yadda waƙar za ta yi lilo maimakon ta yi sauri. Sau da yawa nakan mayar da ita baya don ganga kawai. "Angel Don't Cry" kuwa, wadda Frederiksen ya rubuta tare da Paich, ita ce inda muryarsa ta kai ƙololuwa. Mai jita Steve Lukather ya rera "How Does It Feel" a hankali da makaɗan London Symphony Orchestra a bayansa. "Mr. Friendly" ce kaɗai nake iya tsallakewa ba tare da na ji na yi asara ba.

To, wanne za a saya?

Faifan garmaho na asali, wanda kamfanin Columbia ya fitar a Amurka, CBS kuma a Turai, ba shi da wuyar samu a kasuwannin tsofaffin faya-fayai na intanet irin su Discogs da eBay. An buga shi da yawa, shi ya sa bai cika tsada ba. Sautinsa na da ɗumi, gangar Jeff na fitowa da jiki. Sai dai ga wanda ke zaune a ƙasar zafi akwai abin dubawa. Na taɓa yin odar guda daga wani mai sayarwa a Turai, ya iso a watan Afrilu bayan ya daɗe a hanya. Da na zare shi daga kwali na ɗora a tafin hannu na ɗaga saitin taga, sai na ga bakinsa ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ya sha ruwa. Na ɗora allura, tana hawa tana sauka, da ta zo tsakiyar "Carmen" sai ta yi tsalle. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin aikowa ya fi kuɗin faifan. In garmaho kake so, nemi wanda aka yi wa alamar NM (kusan sabo) ko aƙalla VG+ (mai kyau sosai, da ɗan alamar amfani), ka roƙi mai sayarwa ya cire faifan daga rigarsa ya haɗa shi da kwali mai tauri, kuma in da hali ka ba matafiyi ya riƙo maka a jakar hannu. In ya iso, a tsaye ake ajiye shi, nesa da taga.

Bugun Japan na CBS/Sony ya fi tsada. Ana gane shi da siririyar takarda da ke naɗe a gefen kwalin, wadda suke kira obi, kuma yawanci robarsa ba ta da ƙarar ƙasa-ƙasa. Na masu tarawa ne. In kiɗan kawai kake nema, bambancin bai kai kuɗin ba.

A ɓangaren CD manyan zaɓuɓɓuka uku ne. Tsohon bugun Columbia shi ne mafi araha, sautinsa ba shi da ƙarfi sosai, sai ka murɗa rediyo, amma ba a matse shi ba. Na biyu shi ne wanda kamfanin Rock Candy na Ingila ya sake gogewa ya fitar a 2015. Wannan kamfani sana'arsa ke nan, tono kundayen rok da aka manta, kuma yana haɗawa da ɗan littafi mai hotuna da dogon bayani kan yadda aka yi aikin. A kunnena bas ya fi fitowa a nan, muryar Frederiksen kuma ta rage kaifi. Na uku shi ne babban akwatin All In, wanda ya fara fitowa a garmaho a 2018, sannan a CD goma sha uku a 2019, inda 'yan ƙungiyar suka zauna da injiniya Elliot Scheiner suka sake gyara sautin kundayensu na Columbia.

Kafin ka yanke hukunci tsakanin na biyu da na uku, sai ka san inda waƙoƙin gefe suke, domin a nan lissafin yake canzawa. "Spanish Sea" an fara ɗaukar ta ne a zaman aikin Isolation, aka jingine ta fiye da shekara talatin. Da suka dawo kanta, Jeff ya rasu tun 1992, Mike a 2015, sai suka bar gangar wancan da bas ɗin wannan yadda suke a tsohon tef, Joseph Williams, mawaƙin da ya gaji Frederiksen, ya ɗora murya. Ta fito a tarin 40 Trips Around the Sun a Fabrairun 2018, tana kuma cikin kundinsu Old Is New. Ranar da na fara jin ta, sanin cewa 'yan uwan nan biyu ne ke kiɗa daga 1984 ya sa na yi shiru har ta ƙare. Sai "Right Part of Me", mai sanyi da piyano, da muryar Kimball, wadda aka adana har zuwa Toto XX na 1998, tarin waƙoƙinsu da aka jingine. Ita ce ke nuna maka yadda kundin zai kasance da bai tafi ba. Akwatin All In ya haɗa Isolation da Toto XX da Old Is New wuri guda, wannan ne babban amfaninsa.

Akwai wadda akwatin ma bai ɗauko ba: "Moodido", kiɗan da suka yi wa wasan dambe na gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984. Tana cikin kundin hukuma na gasar, tare da ayyukan wasu mawaƙa, kuma sai an yi farauta. Wanda ke son jin waƙoƙin a dandali kuwa ya nemi 40 Tours Around the Sun, wasan Amsterdam na 2018, inda suka dawo da "Lion" da "Stranger in Town" da "Holyanna".

Ga shawarata. In ba ka taɓa jin kundin ba, fara da Spotify ko YouTube, ka saurari "Carmen" da "Endless" da abin kunne mai kyau, ba lasifikar waya ba. In sun shige ka, kuma Isolation kaɗai kake so, sayi na Rock Candy, ka ƙara da Toto XX na hannu, wanda ba ya tsada. In kuwa ba ka da ko ɗaya cikin kundayen Toto, kada ka tsinta ɗaya-ɗaya kana biyan kuɗin aikowa sau goma, tara kuɗinka ka ɗauki All In na CD. Garmaho ya zo daga baya, lokacin sanyi, a hannun wanda ka amince da shi. Ni nawa na biyu a Disamba ya iso, lafiya lau, kuma fuska ta biyu na fara ɗorawa.