Ogan mai bututu, na dijital ko hamoniya: wanne ya dace da majami'a a Zariya?

Duk lokacin da kwamitin ikkilisiya ya zauna kan maganar kayan kiɗa, sai ka ji wani dattijo ya ce a nemo ogan mai bututu irin na manyan majami'un Legas. Sha'awar tana kan hanya. Babu na'urar da ke ɗaukar muryar jama'a a waƙoƙin Littafin Waƙoƙi kamar iskar da ke ratsa bututu na gaske. Sai dai kafin a taɓa kuɗin baiko, a tuna cewa a Zariya za a ajiye shi.

Cikin ogan mai bututu katako ne da fatar tumaki da gam, bututun kuma galibi gamin kuza da dalma. Waɗannan suna son danshin iska na wajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Hunturunmu kuwa yakan sauke danshin ƙasa da kashi 20, damina ta zo ta mayar da shi sama. Katakon akwatin iska ya tsuke ya tsage, fatar zugazugi ta bushe ta dare, sai a ji wani bututu yana kuka shi kaɗai alhali ba wanda ya taɓa maɓalli. Ga ƙura da ke toshe bakin ƙananan bututu, ga gara da ɓeraye. Zafi ma yana ɗaga sautin, shi ya sa ogan da aka daidaita da sanyin Janairu yakan kauce a watan Afrilu.

Saboda haka nake jan kunne kan tsofaffin ogan da ake samu da araha daga majami'un Ingila da aka rufe. Arahar ta ƙare a wurin saye. Kwancewa, jigila, kuɗin kwastan, sake haɗawa da kiran gwani duk shekara, nan kuɗin yake. Babban ogan na majami'ar Christ Church da ke Marina a Legas ma, daga Turai aka ɗauko kamfanin da ya yi aikinsa.

Amma idan majami'arku ta gaji tsohon ogan, kada a bari 'yan gwangwan su auna bututunsa a sikeli. A kira mai gyara ya duba, ya rubuta abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya. A tambaye shi irin fatar da zai sa, domin fatar da dukawa ke yin jaka da ita ta yi kauri ga wannan aiki. A tambaye shi gam ɗin da zai yi amfani da shi: gam ɗin fata na da ana iya narkar da shi a sake gyara bayan shekaru, na zamani mai kama dutse kuwa yana ɓata katakon. Kuma a je a saurari wani ogan da ya taɓa gyarawa.

Ga yawancin majami'un Sabon Gari, Samaru da Wusasa, ni dai ogan na dijital zan zaɓa. Kamfanin Allen na Amurka ya fara fitar da shi a 1971, yanzu ga Viscount na Italiya da Johannus na Holan. A nemi mai jeri biyu na maɓallai 61 da maɓallan ƙafa 30 ko 32. Hunturu bai dame shi ba, wutar lantarki ce abokiyar gabarsa, don haka kuɗin sitabilaiza da inbata su shiga lissafi tun farko. Kada a haɗa shi da lasifikar wa'azi, a saya masa nasa.

Kibod irin Yamaha PSR ya fi sauƙin kuɗi kuma ya dace da kiɗan matasa, amma ba ya riƙe waƙar taro.

Tsohuwar hamoniya mai feda (ƙaramin ogan da ake hura wa iska da ƙafa) da ke jingine a ɗakin ajiya kuwa, a fito da ita. Harsunanta na tagulla ba sa saurin lalacewa, yawanci zanen zugazugin ne ya huje, kuma ba ta neman wuta ko janareta. Ƙaramar majami'ar ƙauye a wajen Giwa ko Soba za ta more ta shekaru.

Ko wanne aka saya, a ware wani abu don koya wa yara biyu ko uku kaɗawa da karanta rubutun waƙa, tun kafin kayan su iso.