Tsohuwar Unguwa ko Sabuwa: Ina Ya Fi Dacewa a Sayi Gida?

Mai neman gida a gefen babban birni yakan rasa zaɓi tsakanin unguwar da ta daɗe da kafuwa da wadda ake kan ginawa. Tsohuwar unguwa ba ta ɓoye halinta, domin makarantu da asibiti suna nan, kuma wanda ya zagaya bayan ruwan sama mai ƙarfi zai ga da idonsa inda ruwa yake kwanciya da inda magudanai suke aiki. Sai dai gidajenta sukan fi tsada, rufi da wayoyin lantarki kuma sukan buƙaci gyara.

Sabuwar unguwa tana da sauƙin farashi da yalwar fili, amma yawancin abin da ake sayarwa a can alkawari ne, tunda titi da makaranta suna iya ɗaukar shekaru kafin su iso, ga kuma nisan zuwa aiki kullum. A ganina, mai yara 'yan makaranta ya fi samun kwanciyar hankali a tsohuwar. Wanda ya zaɓi sabuwar kuwa, wajibi ne ya tantance takardun mallakar filin da amincewar hukuma kafin ya biya kuɗi.