Google Scholar ko Scopus: wanne ya fi dacewa da auna mai bincike a fannin kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce ka duba wani malamin kimiyyar kwamfuta da kake so ya kula da aikinka na digiri na uku, sai ka tarar adadin ambaton maƙalunsa a Google Scholar ya ɗara na Scopus nesa ba kusa ba. Ka tambaya wanne ne mai gaskiya, kuma ta ina za ka gane mutanen da yake aiki da su.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da abin da yake ƙirgawa. Rumbunan maƙalun ilimi ne a intanet, a shekarar 2004 aka buɗe su duka biyun. Scopus na kamfanin Elsevier ne, sai da kuɗin rajista ake shiga cikinsa sosai, kuma mujallu da littattafai da kundayen taruka da aka tantance yake ɗauka. Shi kuwa Google Scholar kyauta ne, kuma komai ya ci karo da shi mai kama da rubutun ilimi sai ya kwashe: kundin digiri, rahoto, daftarin da aka ɗora a arXiv, shafin da masu bincike ke ajiye maƙalu, tun kafin a tantance shi.

A nan ne fannin kwamfuta ya sha bamban da likitanci ko kimiyyar sinadarai. Manyan ayyukansa a taruka ake fitar da su, irin su NeurIPS da CVPR da STOC, mujalla takan biyo baya ne, in ma ta biyo. Saboda haka a ganina Google Scholar ya fi kusa da hoton gaskiya a wannan fanni. Amma ƙofarsa a buɗe take, kowa na iya shigewa. A 2010 wani malami a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta zuba masa maƙalu marasa ma'ana wajen ɗari, suna ambaton junansu. Ma'aunin h (lambar auna tasirin marubuci) na wannan fatalwa ya kai 94 a Google Scholar. A Scopus kana da damar cire ambaton da mutum ya yi wa kansa ka ga abin da ya rage, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Shi ma'aunin h ɗin, wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ne ya kawo shi a 2005. In an ce na mutum 20 ne, to yana da maƙala 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Yana fifita wanda ya daɗe yana rubutu, kuma mai maƙala ɗaya tak da ta girgiza duniya zai tsaya a kan 1. Kada kuma ka gwada na mai binciken ƙirƙirarriyar basira da na mai lissafin ka'idojin kwamfuta. Na farko a cikin cunkoson jama'a yake, na biyu 'yan tsiraru ne ke karanta shi.

Batun abokan aiki kuwa, ka ajiye su duka biyun ka nufi DBLP, rumbun maƙalun fannin kwamfuta wanda Michael Ley ya assasa a Jami'ar Trier ta Jamus a 1993. Ba ya ƙirga ambato, amma zai jera maka duk wanda malamin ya taɓa rubutu da shi, da yawan maƙalun da suka haɗa su. Yana kuma raba masu suna iri ɗaya da lamba, alhali irin waɗannan sunaye na yawan rikita sauran rumbunan. Ka lura da tsarin sunaye: a ɓangaren ka'idoji bisa jerin haruffa ake rubuta su, don haka zuwa na farko ba ya nufin komai, a wasu ɓangarorin kuwa ɗalibin da ya yi aikin ne a gaba, shugaban ɗakin bincike a ƙarshe.

Tunda mai kula da aiki kake nema, ka duba shekara biyar ɗin baya a DBLP, ka ga ko ɗalibansa na fitowa a sahun farko, da kuma ko sunayensu na ci gaba da bayyana bayan sun bar hannunsa.