Naɗi uku na HP5 Plus a cikin hazon Kano

Kyamarar ta mahaifina ce, Pentax K1000, irin wadda aka fara ƙerawa a 1976. Ƙarfe ce zalla, ba abin da batirinta yake yi sai kunna allurar ma'aunin haske. Ta daɗe a cikin adaka kafin in fito da ita. Fim ɗin kuwa ƙanena ne da ke karatu a Ingila ya taho mini da shi: Ilford HP5 Plus, baƙi da fari, mai ƙarfin 400 (lambar da ke nuna saurin kama haskensa), naɗi uku, kowanne hoto 36. Na ja masa kunne ya roƙi a duba masa da hannu a filin jirgi, don sababbin na'urorin haska kaya suna ɓata fim. Na ajiye su a firji ina jiran hunturu, saboda hazo nake so in ɗauka.

Naɗin farko ni na ɓata shi da hannuna. Bayan sallar asuba na hau Dala, gari ya yi fari fat, Goron Dutse ma sai ka ƙura ido kake ganin alamarsa. Na riƙa daidaita allura a tsakiya ina dannawa, ina jin kaina gwani. Da na wanke, sai ga hotuna sun fito toka-toka mai duhu kamar ruwan wankin tukunya. Dalili shi ne ma'aunin haske bai san hazo ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani toka matsakaiciya, to idan ya ga fari ya cika masa ido sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya ce ka rage. Kai kuma ka bi shi, ka kashe farin da ka fito nema. Abin da ya fara burge ni da fim ɗin shi ne, duk da wannan kuskuren, rufin gidaje da hasumiyoyin masallatai ba su nutse ba, ana iya ceto su.

A naɗi na biyu na daina yarda da allura. Duk abin da ta faɗa sai in ƙara haske mataki ɗaya (wato in ninka shi), wani lokaci ɗaya da rabi. A nan HP5 ya nuna kansa. Akwai hoton da na ɗauka kusa da Ƙofar Mata: mai shayi a gaba, ya naɗe kai da rawani har hanci, baƙi ƙirin, tururin butarsa na tashi. Bayansa adaidaita sahu ce mai toka-toka, bayanta wata da ta fi ta kodewa, can ƙarshe itacen darbejiya kamar an zana shi da fensir an goge. Toka hawa huɗu ko biyar, kowacce a wurinta, ba wadda ta haɗiye 'yar uwarta. Da mai shayin ya ga hoton sai ya ce, "Malam, ai ka mayar da ni zamanin Sardauna." Ƙa'idata tun daga ranar: a samu abu baƙi a kusa, mutum ko keke ko turke, in ba haka ba hoton ya zama farar takarda kawai.

Na gwada ɗora jan gilashi a bakin kyamarar, don an ce yana ratsa hazo. Bai ratsa komai ba, sai cinye mini haske mataki uku da ya yi. Hazonmu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, galibi daga kwarin Bodele na Chadi, kuma ƙwayoyinta sun yi wa wannan dabara girma.

Wanki a gida na yi, da sinadarin ID-11 ba sirki, minti bakwai da rabi a zafin digiri 20. A watan Afrilu sai da ƙanƙara ake samun wannan sanyin a Kano, amma a Janairu ruwan randa da safe kusan daidai yake. Wahalar tana wurin shanya. Na rataye naɗin farko a ɗaki, ƙura ta manne masa yana jiƙe, hotuna suka fito da fararen ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Yanzu a banɗaki nake shanyawa, in zuba ruwan zafi a ƙasa tururi ya kwantar da ƙura, in rufe ƙofa in hana kowa shiga. Uwargida ba ta yafe mini wannan ba tukuna. Kuma in an gama ɗauka, a mayar da fim cikin gwangwaninsa a hankali, don a busasshiyar iska saurin juyawa kan haifar da tartsatsin da ke barin zane.

Ba kowa zai so HP5 ba. Baƙinsa da farinsa ba sa faɗa da juna sosai, mai son hoto mai kaifi zai fi jin daɗin Kodak Tri-X. Tsakinsa kuma, wato ƙananan ƙwayoyin da ke bayyana a hoto, yana fitowa a sarari a farin sama, musamman a naɗi na uku da na ɗauka kamar ƙarfinsa 800 ne na wanke minti goma da rabi. Ni dai tsakin ya yi mini, kamar ƙurar ce da kanta ta zauna a kan takardar. Injin wankin hoto mai launi ba ya wanke shi, saboda haka wanda ba shi da sinadari a gida gara ya nemi XP2 Super na kamfanin, shi ana wanke shi tare da fim mai launi.

Ga tsada kuma, yadda canji ya tashi, sai da na riƙa lissafi kafin kowane dannawa. Duk da haka na riga na aika wa ƙanena kuɗin naɗi biyar, in Allah ya kai mu hunturun baɗi gaɓar kogin Wudil zan nufa da sassafe, lokacin da masunta ke tura kwalekwale.