Shagon Baba na bakin layinmu a Sheka

Shagon ba shi da allo, ba shi da suna. Zauren gida ne aka fasa bangonsa ta waje aka sa ƙofar ƙarfe, a bakin layinmu a Sheka, cikin Kano. Duk unguwa "shagon Baba" ake cewa. Shekara 11 ke nan ina sayayya a wurin, tun ina ango, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da ke akwai, mai daɗi da marar daɗi.

Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Daga hagu buhunan shinkafa, wake, gero, garin kwaki da sukari ne a buɗe, kowanne da kwanon awo a kife a kai. A kan kanta akwai madara, ganyen shayi, taliya, tumatirin gwangwani, sabulu da ashana. Baba ne ke zama tun bayan Asuba har Azahar, daga nan babban ɗansa ya karɓa, shi ke riƙe da na'urar POS da wayar karɓar tiransifa. Kayan kanti daga Kasuwar Singa suke sarowa, sau biyu a mako, a cikin a-daidaita-sahu. Hatsi kuwa Baba da kansa yake zuwa Dawanau, ya ce bai yarda wani ya zaɓa masa wake ba. Na gaskata shi, don ban taɓa cin karo da ƙwari a waken shagon ba.

Amma abin da ya fi kai ni shagon ba daga Singa yake zuwa ba, daga cikin gida yake fitowa. Gwaggo, matar Baba, ita ke matsar man gyaɗa duk Talata da Asabar. Tun daga bakin layi za ka ji ƙamshin gyaɗar da ake soyawa. Man yana fitowa da ɗuminsa, launinsa ya ɗan ja, idan aka soya albasa da shi maƙwabta sai sun san an ɗora tukunya. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a yi ƙuli-ƙuli, mai ƙaras-ƙaras, ba irin wanda ke neman fasa haƙori ba. Daddawarta ta kalwa ce zalla, haka yajinta na citta da masoro. Uwargidana ta daina sayen daddawa a ko'ina tun shekarar da muka tare. Waɗannan kaya huɗu ban taɓa ganin irinsu a wani babban kanti ba, kuma da su Gwaggo ta yi wa 'ya'yanta mata biyu kayan ɗaki.

Sai maganar awo. Ni malamin firamare ne, albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, tukunya kuwa kullum sai an ɗora. A shagon Baba ana sayar da rabin kwano, da gwangwani ɗaya, da ƙullin sukari na shayin safiya guda. Yarinyata 'yar shekara 7 ake aika da kuɗi a ƙulle a gefen hijabi, ta dawo da kaya da canji daidai. Ga matan da ba sa fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Zoo Road a 2014, da Shoprite a ciki, mu ma mun je, don daga Sheka ba nisa. Wuri ne mai sanyi da tsafta, kowane kaya da farashinsa a rubuce, ka tura keken zuba kaya ka ɗauki abin da kake so babu mai tambayarka. Na yi sha'awarsa ƙwarai, kuma a watannin farko har benci na ƙofar shagon Baba ya rage cika da yamma. Har gobe idan salla ta matso nakan leƙa manyan kantuna irin su Sahad don wasu kayan da ba a samu a layi. Sai dai irin waɗannan wurare na mai kuɗin sayayyar wata guda ne a hannu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen miyar yini. A Janairun 2024 reshen Shoprite na Kano ya rufe. Ban yi murna ba, don yaran gari da yawa a nan suke samun abinci.

Inda na san darajar shagon Baba shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi ana gudunsu, sababbi babu su. Albashina yana banki, amma na yi kwana biyu ina bin layi ban samu ko sisi ba. Tiransifa kuma ka tura da safe, alat bai shiga ba har dare. Ran nan na je shagon, na tsaya ina jujjuya waya. Baba ya dube ni ya ce, "Malam, me ake buƙata a gida?" Na ce, "Baba, kuɗin ne ba sa fita." Ya ce, "Ba kuɗi na tambaye ka ba." Ya jawo wani littafin makaranta mai bango shuɗi, ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunana da ajami. Shinkafa, mai, sukari, sabulu, haka muka yi ta ɗauka har mako biyar. Ba ni kaɗai ba, kusan rabin layin na cikin littafin nan. Daga baya ɗansa ya gaya mini cewa shi ma Baban a kan amana yake karɓo kaya a Singa a lokacin, kuma akwai gidajen da har yau ba su gama biya ba. Bai taɓa ambatar sunansu a gaban kowa ba.

To, akwai abubuwan da ba na jin daɗinsu, kuma na faɗa masa gaba da gaba. Babu farashi a jikin kaya, sai ka tambaya, kuma a 'yan shekarun nan abin da ka saya ran Litinin ba lalle ka same shi haka ran Juma'a ba. Na san daga sari tashin yake farawa, amma allo da alli a ƙofa za su rage gardama. Firjin shagon da wutar gari yake aiki, don haka lokacin zafi na daina sayen yogot da duk wani abu mai saurin lalacewa a wurin. Sau ɗaya na sayi madarar gwangwani da wa'adinta ya wuce. Baba ya canza mini nan take ya ba ni haƙuri, amma tun daga ranar nake duba kwanan wata, kuma ina ba kowa shawarar ya duba, musamman kayan da ke can saman kanta. Awon ɗan ma bai kai na uban ba: Baba yakan yi wa kwano tozo har ya ƙara gyara, shi kuwa yaron shafe baki yake yi. Sannan idan babu ƙananan kuɗi, alewa ake ba yara a madadin canji, abin da nake ganin ya kamata a tambayi iyaye tukuna.

Wanda zai sayi katan ko buhu, gara ya wuce Singa ko Dawanau, zai fi samun rangwame, Baba da kansa zai gaya maka haka. Amma cefanen yau da kullum, da kayan Gwaggo, a nan nake saye. Ana rufe shagon lokacin kowace salla, ranar Juma'a kuma daga hantsi sai bayan an sauko. Mai son man gyaɗa ya zo da kwalbarsa ran Talata ko Asabar kafin La'asar, don ba ya kaiwa magariba.